Gonar Bakin Tsamiya ta Gwaggo Ce

An ce na cinye gonar Gwaggo. Ba a bakin kasuwa aka fara faɗa ba, da na san yadda zan yi da mai faɗar. A takarda aka rubuta, da Turanci, aka ɗinke ta da bango mai kauri, aka ba wadda ta rubuta digiri a kai. Wadda ta rubuta kuwa ɗiyar Baffana ce, ƙanwata, wadda muka tashi gida ɗaya muna cin tuwo a akushi ɗaya. Yau shekara tara ina ɗauke da wannan magana. Na fara da ita ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa a kan Gwaggo ya ce mai laifi ne ke wanke kansa da gawa. Ku san inda na tsaya tun yanzu, sannan ku karanta.

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu sati uku da suka wuce, ana cikin noman farko. Ranar da muka binne ta na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, ina kallon mutane. Matan coci sun zo tun daga Gozaki da ƙafa, suna waƙa, da suka iso ƙofar ɗakinta waƙar ta tsinke musu. Wata tsohuwar Bafillatana ta zo da ƙwaryar nono, ta ajiye a bakin ɗakin kamar yadda ta saba yi duk ranar kasuwa, ta zauna a ƙasa. Alhajin da ya daɗe yana awon auduga ya taso daga Funtua a kan babur, da tsufansa. Ya ce mini a duk shekarun da ya yi a bakin sikeli, mace ɗaya ce ta taɓa sa shi ya zazzage buhu ya sake duba lamba a gaban jama'a, kuma da ya duba ya ga ita ce da gaskiya. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Akwai kuma masu miƙo mini yatsu biyu su janye. Wani dattijo da ke zaune bayana ya sunkuya ya ce wa na kusa da shi, to yanzu ai gona ta zama tasa da hujja. Na ji. Ban juya ba.

Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri, ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri da abin da aka yi mata. Nan ne na kusa tashi. Gwaggo tana da halaye da yawa, amma haƙuri irin wanda yake nufi ba ya ciki. Ba a taɓa yi wa Gwaggo abu ta yi shiru ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. In na bari, nan da shekara goma ba wanda zai tuna ta sai a matsayin tsohuwar da aka ƙwace wa gona.

Ta dawo gidanmu ne daga Mahuta bayan mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku duk ta binne su suna ƙanana. Ƙannenta suka ce ta zauna ta huta, gandu zai ciyar da ita. Ta ce ita ba ta iya cin hatsin da ba ta san inda aka shuka shi ba. Ta je wurin mai unguwa ta roƙi dajin da ke bayan rafi, wurin wata babbar tsamiya, inda ba mai so saboda ƙaya da macizai. Rani biyu ta yi tana sara da gatari, tana ƙona kututture. Ina yaro lokacin, uwata ba ta daɗe da rasuwa ba, ita ta ɗauke ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa mini. Babana take ce mini, ko tana yabo ko tana zagi, kuma zagin ya fi yawa.

Da safe tana gandu tare da kowa. Da azahar, in an tashi, sai ta saɓa hauya ta nufi tsamiya. Ba ta shuka don ta ga wasu na shuka. Sai ta tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta uku, in bai fito da danshi ba ta koma gida, ko da duk gari ya fita. Irinta na dawa tana ajiye shi a tulu da toka, a rataye inda hayaƙi ke bugunsa, ba mai taɓawa. In mutum ya cika ta da surutu sai ta bari ya gama, ta ce, ka gama? To tashi mu je gona. Kowace takarda kuma, ko ta asibiti ce ko ta baftisma, a wurinta takardar haraji ce, kuma ƙarshenta hannun gwamnati za ta.

Bafillatanar nan mai ƙwaryar nono, ga yadda suka haɗu. Wata shekara shanunsu suka faɗa gonar suka cinye kusan rabin dawa. Maza suka ɗauko sanduna, aka ce sai gaban alƙali. Gwaggo ta hana. Ta tafi rugar ita kaɗai, ta ce ba ta son a biya ta komai, abin da take so shi ne in an yi girbi shanun su riƙa kwana a gonarta har ruwa ya sauko, bana da baɗi. Aka yi ta mata dariya. Shekara biyu bayan haka dawarta ta fi ta kowa tsawo, masu dariyar suka fara bin Fulani da goro.

Ba zan ɓoye inda ta ɓata mini ba. Da mahaifina ya rasu aka rasa hannu a gandu, Baffa ya ce mu biyu da ke makaranta, ni da ɗiyarsa, dole ɗaya ya dawo, kuma ai macen ce za ta dawo. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta ce ba za a yi ba. Kwana huɗu ba ta ci tuwon gidan ba, tana dafa nata a gindin rumbunta. Ta ce yarinyar kanta na takarda ne, ni kuwa hannuna na ƙasa ne. Ni aka ciro. Na yi wata biyu ba na gaishe ta. Har yau ban san ko ta yi daidai ba. Abin da na sani, duk lokacin da za a koma makaranta, audugar bakin tsamiya ce ke tafiya Funtua, ita ke dawowa ta zama akwati da takalmi da kuɗin mota. Da wannan gonar aka yi digirin da aka zage ni a cikinsa.

Sai aka kawo babban aikin noma na gwamnati. Aka fasa hanyoyi, aka gina sito-sito, malaman gona suka cika ƙauyuka da babura. Aka kawo takin zamani, wanda Gwaggo ke kira gishirin gwamnati. Da fari ta raina shi, da ta ga audugar maƙwabcinmu ta ce a kai ta. Na ɗauke ta muka je sito, muka bi layi tun hantsi. Da muka kai gaban tebur akawun ya ce magidanta ake rubutawa, mai kati shi ke karɓar taki, ina maigidanta?

Ta ce, "Yana bayan garin Mahuta a kwance. In za ka iya tashe shi, bismilla."

Mutane suka yi dariya, akawun bai yi ba. Ya ce doka ce, ba shi ya kafa ta ba. Gwaggo ta dube shi, ta dubi buhunan da ke jibge bayansa, sai ta kama hannun rigata ta turo ni gaba. Ta ce in faɗa masa sunana, tunda ita bakinta ba ya iya faɗa. Haka gonar bakin tsamiya ta shiga littafin gwamnati da sunana. A hanyar dawowa ta gargaɗe ni: duk mai takarda da ya zo ya tambaya, gona tawa ce, ita taya ni take yi. In aka ji ta mace ce za a karɓe katin. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Na san mata da yawa daga nan har Maska da suka sa sunan ɗa ko ƙane ko suruki.

Ga nawa laifin, kuma shi kaɗai ne. Shekara ta biyu malamin gona ya riƙa zuwa wurina, tunda ni ke cikin littafi. Yana ce mini Malam, yana ce mini manomi na gari, yana cewa in bar haɗa dawa da wake da kuɓewa a wuri ɗaya kamar mutanen da, in sa masara zalla. Kaina ya kumbura. Ban tambayi Gwaggo ba na kawo tarakta aka kafce rabin gonar, har da gamban da ta dasa a kan iyaka. Ƙanwata tana gida hutu lokacin, ta ga komai. Ta ga Gwaggo ta zo ta tsaya a gaban tarakta, ta ga ina ɗaga murya ina cewa ai sunana ne a kati. Na faɗa, ba zan musa ba. Washegari ta koma makaranta.

Abin da ba ta gani ba shi ne abin da ya faru kwana biyu bayan nan. Gwaggo ta sa ni gaba da sassafe, muka zagaya gonar kaf. Duk inda muka tsaya sai ta ce nan akwai kututturen marke, nan na farar ƙaya, nan ne kububuwa ta kusa sarar ta, nan ta yanke da gatari, ta nuna mini tabon a ƙafa. Ta ce in nuna mata nawa tabon. Na rasa. Ta ce to in sake dasa mata gambanta, kuma masarar da na shuka ni zan nome ta, ita za ta girbe. Haka aka yi. Tun daga ranar ban ƙara sa ƙafa a gonar ba sai ta kira ni.

Bayan shekara uku ƙanwata ta dawo da rikoda da kaset-kaset, ta ce bincike take yi a kan mata da ƙasar noma, yadda sabon aikin ya canja musu rayuwa. Ni na ɗauke ta a babur wata biyu cur, ƙauye zuwa ƙauye. Ni ke shiga in gaida masu gida kafin a bar ta ta ga matan. Ni ke riƙe rikoda. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: tambayoyinta masu kyau ne. Na ji abubuwan da ban taɓa ji ba, ni da aka haifa a nan. Na ji matar da aka haɗe gayaunarta, ɗan filinta na kanta, da gandu don tarakta ta samu wurin juyawa, ba a ko gaya mata ba. Na ji wadda ƙanin mijinta ya sa sunansa a kati, ya zarce da gonar gaba ɗaya. Na ji matan da a da su ke sayar da audugarsu, yanzu sai dai su cire, miji ya kai sikeli. Wasu sun yi kuka. Wata rana muna dawowa na ce mata wannan aikin naki aikin Allah ne. Ta ce, Yaya, ashe kana ji.

Gwaggo ce ta ƙarshe. Muka zauna a gindin rumbu da la'asar, na danna rikoda. Gwaggo ta ƙura wa akwatin rikodar ido, ta tambaya ina za a kai maganar. Ƙanwata ta ce jami'a. Gwaggo ta ce jami'ar ta wa ce? Aka ce ta gwamnati. Na ga fuskarta ta rufe. Da aka tambaye ta gonar bakin tsamiya ta wa ce yanzu, sai ta ce, "Ta Babana ce. Ni taya shi nake yi, ya ɗan ba ni abin miya." Ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin zane.

Na yi shiru, don shirun aka umarce ni da shi. Na ɗauka ƙanwata ta gane, ita da ta san kowace kunya ta gonar nan. Ita kuma ta haɗa abin da ta ji da taraktar da ta gani, da sunana da ta tarar a littafin sito. Abu uku, kuma kowanne gaskiya ne a wurinsa. Abin da ba ta yi ba shi ne ta kashe akwatin ta ce, Gwaggo, tsakanina da ke. Ko ta ce mini, Yaya, me ya faru? Awa nawa muka yi a kan babur, bakinta dab da kunnena.

Wani malamin firamare ne ya dawo daga kwas da littafin, ya tsaya a ƙofar coci bayan sujada yana fassara wa mutane, don a ji 'yar gari ta yi abin kirki. Ta canja sunaye, na yarda. Amma ta bar tsamiya, ta bar rafi, ta bar tsohuwar da ta sare daji da hannunta, ta bar ɗan ƙaninta da bai gama makaranta ba. Kafin ya kai ƙarshen shafi duk an juyo ana kallona. Na ari littafin na bi shafin da yatsa har sau uku. Wurin da ta ce ban gama makaranta ba ya fi ƙona ni.

A shekarar ana shirin sa ni cikin dattawan ikilisiya. Aka cire sunana, ba wanda ya gaya mini dalili. Maiɗakina ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Gwaggo da ta ji, ta ɗaura ɗankwali ta shiga taron dattawa, inda mata ba sa shiga. Ta ba su labarin akawu da kati daga farko har ƙarshe. Suka saurara da ladabi. Sai babbansu ya ce, Mama, mun gane, halin uwa ne ta rufa wa ɗanta asiri. Ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Na yi ƙarya a gaban akwati, an yarda. Na faɗi gaskiya a ɗakin Allah, an ƙi."

Ta sa na rubuta wa ƙanwata wasiƙa, tana ƙasar waje lokacin, ƙarin karatu. Amsa ta zo bayan wata uku, da Hausa mai laushi. Ta ce Gwaggo kada ta ji tsoron kowa, ta sani mata da yawa sukan kare wanda ya danne su, kuma ba laifinsu ba ne. Gwaggo ta sa na karanta mata sau biyu. Ta karɓi takardar ta ƙulle irin kuɓewa a ciki, ta soke a jinka.

Na daɗe ina tunani a kan wannan. An yi littafi don a ji muryar mata, kuma an ji ta mata da yawa, na shaida. Amma mace ɗaya da na sani ciki da waje, littafin ne ya sa maganarta ta daina ratsa kunnen kowa. Kafin a rubuta ta, in Gwaggo ta ce abu a garin nan, an gama. Bayan an rubuta ta, ta zama abar tausayi, ana gyaɗa mata kai. Ina ganin wannan ya fi cin ta fiye da abin da aka yi mini. Ta ce mini sau ɗaya, muna cirar auduga, ita ta jawo mini, don buhu biyu na gishiri. Ban taɓa jin ta nemi gafarar kowa ba sai ranar, kuma ko ranar ba ta dube ni ba, tana ta cira.

Da ta ji jikinta ya ƙi, sai ta sa aka kira mai unguwa da Fasto da Baffa, da hantsi, aka zauna a rumfa. Ta ce su shaida, gonar bakin tsamiya ta bar wa ɗiyar Baffa. Ni ta bar mini tulun iri da rumbu. Ta ce kada a faɗa wa kowa sai ranar uku. Da suka tafi na kasa riƙe bakina. Na ce shekara nawa ina yi miki huɗa, na ci zagi a kan gonar nan, ƙarshe ki ba wadda ta zage ni?

Ta ce, "In na ba ka, littafinta ya zama gaskiya. In na ba ta, dole wata rana ta zo ta tsaya a kai. Ka gama?"

Na ce na gama. Ta ce to je ka duba mini ko wake ya tsiro.

Ranar uku mai unguwa ya tashi ya faɗa a gaban jama'a. Dattijon nan da ya yi raɗa a bayana ya sunkuyar da kai yana wasa da carbin maƙwabcinsa. Wasu sun zo sun sake ba ni hannu, wannan karon duka biyar. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba ta hutu, in ta yarda ta huta.

Ƙanwata ba ta ji sanarwar ba, sai da la'asar motarta ta iso. Dakta ake ce mata yanzu. Ta yi kuka na gaske, ba zan ce na ƙarya ba ne, ta rungume ƙofar ɗakin tana kiran Gwaggo. Bayan ta natsu ta same ni a gindin rumbu, wurin da muka zauna da rikoda. Ta ce tana so ta rubuta wani abu don tunawa da Gwaggo, ko zan ba ta izini ta ɗauki hoton gonar. Izini ta ce, a wurina.

Na shiga ɗaki na ɗauko hauyar Gwaggo, na zaro takardar nan daga jinka da irin kuɓewar a ciki, na ɗauko katin. Na jera mata su a gabanta.

Na ce, "Ba ni ke ba da izini ba. Gonar taki ce, ta bar miki, je ki tambayi mai unguwa. Ba ta taɓa zama tawa ba ko na yini ɗaya, sai yinin tarakta, kuma na biya wannan a hannunta. Wata biyu kina bayana a kan babur ba ki tambaye ni ba. Ita ma ba ki tambaye ta ba, akwati kika sa ya tambaye ta. Da ta aiko miki da gaskiya, ga abin da kika mayar mata, buɗe ki gani. Yanzu damina ta kama, gona na son taki. Gobe ki ɗauki motarki ki je sito, ki bi layi, ki ce ke mace ce kuma gonarki ce, a rubuta ki. In sun ba ki, ki rubuta. In sun tambaye ki ina maigidanki, ki rubuta wannan ma, don shi ya kamata ki rubuta a kan Gwaggo tun farko. Ki yi shi da Hausa, ki zo ƙofar coci ki karanta da bakinki, inda aka karanta na farko. Amma kada ki aiko a ce in zo in tsaya miki a gaban tebur. Na tsaya sau ɗaya."